Idan Jini Ya Sauka Bayan Tiyata: Jagora Ga Mai Jinya

A yawancin asibitocinmu nas ɗaya ce take riƙe da gadaje masu yawa cikin dare, don haka wanda ya shimfiɗa tabarma a gefen gado shi ne yake fara ganin canji a jikin mara lafiya. Shi ya sa na rubuta wannan domin mai jinya: uwa, miji, ƙanwa ko ɗa da aka bari da wanda aka fito da shi daga ɗakin tiyata. Saukar jini bayan aiki abu ne da ake yawan gani, kuma galibi yana gyaruwa da ƙarin ruwa da hutu. Amma wani lokaci shi ne saƙon farko da jiki yake aikowa cewa jini yana zuba a ciki, ko ƙwayar cuta ta shiga jini. Aikinku shi ne ku iya bambance su biyun, ku kira ma'aikata da wuri.

A fara raba abubuwa biyu da bakinmu ya haɗe

In aka ce "jininsa ya yi ƙasa", wasu suna nufin ƙarancin jini, wanda ake ganewa a gwajin PCV (awon yawan jajayen ƙwayoyin jini), wasu kuma suna nufin kishiyar hawan jini. Wannan na biyun nake nufi. Shi ne raguwar ƙarfin da jini yake tafiya da shi cikin jijiyoyi. Lafiyayyen baligi yakan auna wajen 120/80, kuma ƙasa da 90/60 ake kira saukar jini. Maltina da madara ko maganin ƙarin jini na kwalba ba sa ɗaga wannan lambar a daren da ta faɗi.

Ku ɗauki misalin mai ban ruwa a fadama. Ruwa ba zai kai ƙarshen garka ba idan rijiyar ta ja baya, ko injin ya yi sanyi, ko tiyon ya buɗe ya yi faɗi fiye da kima. Haka jiki yake. Rijiyar ita ce jini da ruwan jiki, waɗanda zubar jini, amai, gudawa da doguwar yunwar kafin aiki suke ragewa. Injin shi ne zuciya. Tiyon kuwa jijiyoyi ne, kuma allurar barci, allurar baya, magungunan kashe zafi masu ƙarfi da cutar da ta shiga jini duk suna sa su saki. Ƙarshen garkar shi ne ƙwaƙwalwa da ƙoda, su ne suke fara jin ƙishi.

Lambar kanta ba ta da ma'ana sai an san inda mutum ya saba tsayawa. Siririyar yarinya da duk rayuwarta 95/60 take aunawa lafiyarta ƙalau. Dattijon da ya shekara goma yana kan 160/100, in ya sauko 105/65 cikin awa biyu, abin dubawa ne ko da bai kai 90 ba.

Mataki na 1: Kafin a shiga da shi

Ku rubuta awon jininsa na kwanakin da suka gabata a takarda, ku riƙe. Sannan ku tattara duk abin da yake sha a leda ɗaya ku nuna wa likitan da zai ba da allurar barci: na asibiti, na kemis, na gargajiya, har da wanda ake jin kunyar faɗa.

Magungunan hawan jini irin su lisinopril da losartan sau da yawa likitoci sukan ce a dakatar da su kwana ɗaya kafin aiki, domin in suka haɗu da allurar barci jini yana faɗuwa sosai. Wasu kuma, irin su atenolol da propranolol, yanke su farat ɗaya haɗari ne ga zuciya. Don haka kada ku yanke hukunci da kanku, ku tambaya ɗaya bayan ɗaya: wannan a sha da safen aiki ko a bari?

Akwai abin da nake so mata musamman su ji. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, da yawansu dexamethasone ne ko prednisolone, kuma wasu mayukan bilicin suna ɗauke da dangin wannan sinadari. Wanda ya daɗe yana amfani da su, jikinsa yakan daina samar da sinadarin da yake riƙe jini a lokacin wahala. In aka yi masa tiyata ba tare da likita ya sani ba, jini zai iya faɗuwa ya ƙi tashi duk da ledojin ruwan da ake ƙarawa, alhali allura ɗaya da aka tanada tun farko za ta tare matsalar. Likita ba alƙali ba ne, a gaya masa. Haka maza masu shan maganin ƙarfin maza, da masu shan maganin furostet (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) irin su tamsulosin, duka biyun suna sauke jini.

Sai maganar yunwa. Ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce a daina abinci awa 6 kafin aiki, tsurar ruwa kuma awa 2, amma ku bi abin da asibitinku ya ce. Matsalar ita ce a ce kada a ci komai daga sha biyun dare, sannan aikin da aka sa ƙarfe takwas na safe ya kai la'asar. In kuka ga haka, ku je wajen nas ku ce tun jiya bai sha ruwa ba, ko za a sa masa ƙarin ruwa. Kuma in aikin babba ne, ku san rukunin jininsa, ku tanadi masu ba da jini tun kafin ranar, ba sai tsakar dare ana neman leda biyu ba.

Mataki na 2: Awannin farko bayan an fito

Allurar baya, wadda ake yawan yi a aikin haihuwa da na ƙaba da na ƙafa, tana sa jijiyoyin rabin jiki na ƙasa su saki, jini ya taru a can. Shi ya sa tashin zuciya da jiri suke biyo ta. Ƙafafu sukan dawo cikin awa 2 zuwa 4, jinin ma ya riƙa daidaita tare da su. Wanda aka yi wa allurar barci gaba ɗaya shi ma yakan farka da jini ƙasa kaɗan. Wannan ana sa ransa. Abin da ba a so shi ne lambar ta ci gaba da gangarowa bayan allura ta saki.

Duk lokacin da aka zo awo, ku tambayi lambar ku rubuta tare da lokaci. Ba rashin kunya ba ne, nas mai hankali ma za ta ji daɗi. Ku lura da ledar ƙarin ruwa: in ta ƙare, ko ta daina ɗiga, ko hannun ya kumbura a wurin allurar, ku sanar. Kada ku taɓa maɓallin da kanku don ta yi sauri, domin mai raunin zuciya ko ƙoda ruwa mai yawa yana iya taruwa masa a huhu.

Mataki na 3: Abubuwan da suka fi lambar saurin magana

Nan nake so a tsaya sosai. Baligi yana da jini wajen lita 5, kuma matashi mai ƙarfi zai iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 kafin awon jininsa ya nuna faɗuwa ƙarara, saboda jiki yana ta matse jijiyoyi yana ɓoye asarar. Wanda ya tsaya jiran lamba ta faɗi ya makara. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Bugun zuciya shi ne na farko. Ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ku ƙirga na minti ɗaya da agogon waya. Tsakanin 60 da 100 daidai ne. In ya wuce 100 yana ta hawa alhali mutum yana kwance, a kira nas. Ga wata dabara mai sauƙi da ma'aikatan haihuwa suke amfani da ita: in bugun zuciya ya kamo lambar sama ta awon jini ko ya wuce ta, misali bugu 115 jini 100/70, wannan ba na jira zuwa safe ba ne.

Fitsari na biyu. In an sa robar fitsari, ledar tana da layukan awo. Baligi ya kamata ya riƙa fitar da aƙalla wajen mililita 30 a kowace awa. In awa biyu ko uku suka wuce ledar ba ta ƙaru ba, ko fitsarin ya yi duhu kamar shayi, ƙoda ce take cewa jini ba ya isowa. Kada ku zubar da ledar sai an rubuta yawanta.

Na uku hankali. Mutumin da ɗazu yake amsa sannu yanzu ya koma sambatu, ko ya kasa zama wuri ɗaya yana fizge allura, ko barci ya yi masa nauyin da ba ya tasuwa. An fi ɗora wannan a kan "allura ce ba ta sake shi ba", a tsofaffi kuma a ce rikicin tsufa ne. Mai yiwuwa ne, amma a auna kafin a yarda.

Na huɗu fata. Tafin hannu da ƙafa su yi sanyi, gumi mai sanyi ya karyo, cikin fatar ido ta ƙasa da harshe su yi fari. Ku danna farcensa har ya yi fari ku saki, ya kamata ja ya dawo cikin daƙiƙa biyu.

Sannan ku duba inda jini zai iya ɓuya. Ku ɗaga zane ku duba ƙarƙashin mara lafiya, domin jini yana gangarawa baya ya jiƙa katifa alhali bandejin gaba a bushe yake. Ku duba robar da aka sa don fitar da ruwan ciwo, ko ta cika da jan jini da sauri. Ciki da yake ƙara kumburi yana tauri shi ma alama ce.

Kuma yadda za a faɗa yana da tasiri. "Sista, jikin nasa dai sai a hankali" ba zai tashi kowa daga kujera ba. Ku ce: "Sista, ƙarfe goma jininsa 120/80 ne, yanzu 95/60, bugunsa 118, kuma tun sha ɗaya ledar fitsari ba ta ƙaru ba." In ba a zo ba, ku koma, ku nemi a kira likitan da yake bakin aiki.

Mataki na 4: Tashin farko

Ana son mara lafiya ya fara motsi da wuri, domin doguwar kwanciya tana jawo daskarewar jini a ƙafa da ciwon huhu. Amma a nan aka fi faɗuwa. Kada tashin farko ya kasance ba ma'aikaci a kusa.

Ya fara motsa ƙafafu yana kwance, yana lanƙwasa idon sawu sama da ƙasa kamar sau ashirin. A ɗaga kan gadon ko a jingina shi da filo na 'yan mintuna. Ya juya gefe, ya sauko da ƙafafu, ya zauna a bakin gado minti biyu ko uku. In babu jiri, ya miƙe mutum biyu suna riƙe da shi, ya tsaya wuri ɗaya minti guda kafin ya ɗaga ƙafa. Da zarar ya ce yana ganin duhu, kunnensa yana ƙara, ko gumi ya karyo masa, a mai da shi kwance nan take. Ba jarumta a nan, a sake gwadawa bayan awa ɗaya.

Mataki na 5: Ranar sallama

Murnar tafiya gida takan sa a manta tambaya. Kafin ku naɗe tabarma, ku ji amsar waɗannan daga bakin likita: nawa ne jininsa da PCV ɗinsa na ƙarshe, yaushe zai koma kan maganin hawan jini kuma a wane adadi, ruwa nawa zai sha a rana, wace lamba za a kira in abu ya taso cikin dare. Tambaya ta biyu ta fi muhimmanci. Mutum ya koma gida ba ya cin abinci sosai, ya rame, ga tramadol ko wani maganin zafi mai ƙarfi, sai ya ɗora da cikakken maganin hawan jininsa da na fitsari kamar Lasix yadda ya saba. Kwana biyu sai a tsince shi a ƙasa a bakin bandaki.

Mataki na 6: A gida

In da hali a sayi na'urar awo ta dantse, ta fi ta wuyan hannu inganci. Ya zauna minti biyar ya jingina, hannu a kan filo daidai ƙirji, ba magana. Kada a ɗaura a hannun da ake wankin ƙoda da shi, ko gefen da aka cire nono. Ɗaurin da ya yi wa siririn hannu yawa yana ba da lamba ƙasa da gaskiya. Safe da yamma ya isa, a rubuta. In jiri yana zuwa ne lokacin tashi, a auna yana kwance, sannan a sake bayan ya tsaya minti ɗaya da minti uku. Lambar sama ta ragu da 20, ko ta ƙasa da 10, a kai wa likita wannan takardar. In lambar sama ta gaza 100 kuma ga jiri, a kira likita kafin a ba da maganin hawan jini na ranar.

Wanda ba shi da ciwon zuciya ko na ƙoda ya nemi shan wajen lita 2 a rana, wato ledar fiya-wata huɗu, kaɗan-kaɗan. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, buƙatar ta fi haka. Launin fitsari zai gaya muku, a so shi fari-fari. In akwai amai ko gudawa, a haɗa ruwan gishiri da sukari: fakiti ɗaya a lita ɗaya, ko cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya ta ruwa, a shafe ba a tsiri ba. Koko, kunu da romo duk ruwa ne. Zoɓo kuwa a ɗan jinkirta shi, domin yana daga cikin abubuwan da suke sauke jini. Kada kuma a hau ba shi gishiri ko kanwa don "jini ya hau" ba da izinin likita ba. Abinci kaɗan sau da yawa ya fi malmala uku a zama ɗaya, saboda bayan cin mai nauyi jini yana karkata zuwa hanji, tsofaffi su ji jiri.

Bandaki wuri ne na haɗari. Tsuguno mai tsawo, yunƙuri, sannan miƙewa farat ɗaya, ga zafi ga ƙunci. A samar masa kujera mai rami ko fo, kada ya kulle ƙofa, wani ya tsaya a waje. Namiji ya yi fitsarin dare a zaune. A nemi maganin laushin bayan gida, domin magungunan zafi suna ɗaure ciki.

Salla ma haka. Ɗagowa daga ruku'u da sujada yana kawo jiri sosai a makon farko, kuma addini ya yi sauƙi: wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune, wanda bai iya zama ba ya yi a kwance. Azumi kuwa mara lafiya yana da rangwamen ramawa. Kada wanda bai cika mako biyu da tiyata ba ya ɗauka sai ya ji ta bakin likitansa.

Mai jego da aka yi wa aiki

Jinin da ya kai lita ɗaya bayan aikin haihuwa, ledar fiya-wata biyu ke nan, ana lissafa shi zubar jini mai haɗari. A gida ba a iya aunawa, to ga ma'auni: audugar mata ta jiƙe sharkaf cikin awa ɗaya, ko guda-gudan jini manya suna fita, ko jinin da ya ja baya ya dawo ja wur, ko yana wari tare da zazzaɓi. Duk wannan na komawa asibiti ne a ranar.

Ina roƙon iyayenmu mata a kan wankan jego. Ruwa mai tsananin zafi yana buɗe jijiyoyin fata gaba ɗaya, ga gumi yana kwashe ruwan jiki, wadda ta riga ta rasa jini kuma ba ta da abin da za ta tare wannan da shi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da haɗuwar wankan zafi, kwanciya a gadon wuta da kunun kanwa. A yi wanka da ruwa mai ɗumi, a zaune, ba tare da an jiƙa ɗinki ba. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta, zuciya ce ake zargi, kuma ita ƙara mata ruwa da gishiri ƙara mata ciwo ne.

Masu wankin ƙoda da ƙananan ayyuka

Jini yakan faɗi ana cikin wankin ƙoda ko bayan an gama, in an cire ruwa da yawa cikin sauri. Su ba a ce su sha ruwa da yawa ba, a gaya wa ma'aikatan sashen su sake duba nauyin da ake cirewa da lokacin shan magani. Bayan zuƙe ruwan ciki, ko duba hanji da na'ura, ko cire haƙori, ko ba da jini, a zauna minti goma sha biyar zuwa talatin kafin a tafi. Wanda aka yi wa allurar sa barci kada ya tuƙa mota ko babur a ranar.

Mataki na 7: In ya yanke jiki ya faɗi

Ku kwantar da shi a bayansa, ku ɗora ƙafafunsa a kan filo biyu ko kujera, ku sassauta tufafi, jama'a su ba shi iska. Kada a tashe shi zaune, kada a ɗura masa ruwa ko madara ko rubutu yana sume, zai shiga huhu. In yana amai a juya shi gefe. Mai ciki a kwantar da ita ta gefen hagu. Wanda numfashi yake sarƙe masa in ya kwanta, a jingina shi maimakon a shimfiɗe. In jini yana fita daga ɗinki, a danne da tsumma mai tsabta. Mai ciwon suga a gwada sugansa, domin faɗuwar suga tana kama da wannan, in ya farfaɗo yana iya haɗiya a ba shi abu mai zaƙi.

Suman da jiri ya kawo yakan wuce cikin minti ɗaya ko biyu da kwanciya. Ko da ya wuce, a sanar da likita a ranar. Amma a ɗauke shi zuwa asibiti nan take idan bai farfaɗo da sauri ba, ko lambar sama ta tsaya ƙasa da 90 yana kwance, ko akwai ciwon ƙirji, haki, ƙafa ɗaya da ta kumbura tana ciwo, zazzaɓin da ya kai 38 da rawar sanyi, ɗinki mai fitar da mugunya, aman jini, ko bayan gida baƙi mai danƙo da ƙarni. Maganin ƙarin jini ma yana sa bayan gida baƙi, amma ba ya zuwa da danƙo da jiri. Kumburin leɓe da ƙuraje masu ƙaiƙayi jim kaɗan bayan shan sabon magani shi ma na gaggawa ne, haka karkacewar baki ko mutuwar gefe ɗaya.

A tafi da shi a kwance a bayan mota, ba a zaune a kan babur ba, kuma in zai yiwu a koma asibitin da aka yi aikin, ba kemis ɗin unguwa don a sa ledar ruwa ba. Ledar ruwa tana iya ɗaga lambar na awa ɗaya alhali jinin yana ci gaba da zuba a ciki. Ku ɗauki katin sallama, ledar magunguna da takardar awonku, kuma kada a ba shi abinci a hanya, domin mai yiwuwa a sake shiga da shi tiyata. Da isarku ku fara da faɗin irin aikin da aka yi, ranar da aka yi shi, da lambar da kuka auna ta ƙarshe.